Baƙon tsuntsun da ke nuna halin da fadamar Haɗeja da Nguru ke ciki

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, garkunan wasu tsuntsaye masu launin ƙasa-ƙasa kan cika gonakin shinkafar da aka girbe da bakin tafkunan da ruwansu ya fara ja da baya a yankin Haɗeja da Nguru da Bade. Ba su da kuka mai jan hankali, ba su da adon da zai sa a waiga, shi ya sa yawancin masu wucewa ba sa duban su sau biyu.

Amma waɗannan tsuntsaye sun taso ne daga arewacin Turai da Saberiya, sun ƙetare Bahar Rum da Sahara kafin su sauka a nan. Yawansu ko ƙarancinsu a kowace shekara yana ɗauke da labarin da ya shafi manomi da masunci da makiyayi kai tsaye: nawa ne ruwan da ya malala fadama, yaushe ya zo, kuma yaushe ya janye.

Me ya sa ake maganarsu yanzu?

A watan Oktoban 2024 ƙungiyar IUCN, wadda ke fitar da jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a duniya, ta ɗaga matsayin haɗarin nau'i 16 na tsuntsayen bakin ruwa a lokaci guda. Wata ɗaya bayan haka wasu masana suka wallafa binciken da ya yanke hukuncin cewa wani ɗan uwansu mai siririn baki, wanda aka yi wa ganin ƙarshe na tabbas a wani dausayi a Maroko a 1995, ya ƙare baki ɗaya daga doron ƙasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsuntsayen bakin ruwa sun dogara ne da wurare ƙalilan a kan doguwar hanyarsu, kuma irin waɗannan wurare su ake ta busarwa ko toshewa ko mayarwa wani abu dabam. Ɗaya daga cikin manyan masaukansu a Afirka ta Yamma shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe har ta taɓa Bauchi.

Tsuntsun da ya fi dacewa a fara sani a cikinsu shi ne wanda masana kimiyya ke kira Calidris pugnax, Turawan Ingila kuma ke ce wa Ruff. Sunan nasa na Turanci ya samo asali ne daga gezar gashin da namijin ke fitarwa a wuya lokacin aure, don haka mai-geza shi ne sunan da ya fi kusa da shi a Hausa. Har yanzu ba ya cikin nau'o'in da ake fargabar ƙarewarsu a duniya, kuma wannan ne ya sa yake da amfani: yana da yawan da kowa zai iya gani, ya ƙidaya, ya kuma lura idan ya ragu.

Yadda ake gane shi

Abu na farko da ke rikita mai kallo shi ne girma. A garke ɗaya za a ga manya da ƙanana kamar nau'i biyu ne, alhali maza ne da mata. Namiji kan kai tsawon santimita 29 zuwa 32 da nauyin kusan giram 180, mace kuwa santimita 22 zuwa 26 da nauyin kusan giram 110, wato kusan girman kurciya. Duk garken da aka ga tsuntsayensa iri ɗaya ne a launi amma sun sha bamban a girma, to akwai yiwuwar mai-geza ne.

Na biyu shi ne ƙirar jiki. Kansa ƙarami ne idan aka kwatanta da gangar jikinsa, wuyansa na da ɗan tsawo, cikinsa kuma ya ɗan turo kamar mai tumbi. Bakinsa matsakaici ne, bai wuce tsawon kan da yawa ba, kuma ya ɗan lanƙwasa ƙasa a ƙarshe.

Na uku shi ne bayansa. Kowane gashi yana da duhu a tsakiya da fari-fari a gefe, abin da ke sa bayan ya yi kama da ɓawon kifi. Gashin ba ya kwanciya luf. Idan yana kiwo iskar hunturu ta buso daga baya, sai a ga gashin doronsa ya ɗaga.

Launin ƙafa ba abin dogaro ba ne, domin yakan kama daga kore-kore zuwa rawaya zuwa ruwan lemo, gwargwadon shekaru da jinsi. Haka kuma akan samu wasu mazan da kansu da wuyansu fari ne fat a tsakiyar garke, har a ɗauka wani tsuntsu ne dabam.

Idan ya tashi sama, akwai siririn farin layi a fiffike, sannan farin tabo mai siffar ƙwai a kowane gefe na gindin wutsiya, da duhun layi a tsakaninsu. Sai kuma alama ta ƙarshe wadda kunne ke kamawa: shiru. Dubban masu-geza na iya tashi lokaci guda ba a ji komai ba sai motsin fikafikai, alhali yawancin 'yan uwansu da ihu suke tashi.

Waɗanda ake rikita shi da su

Fadamar na karɓar baƙi da dama masu kama da juna, kuma kowanne na da abin da ke tona shi.

Akwai wani ƙarami mai ɗigo-ɗigon fari a baya da farar gira, wanda gindin wutsiyarsa fari ne gaba ɗaya ba tare da layi a tsakiya ba, kuma yakan yi kuka mai kaifi idan ya tashi. Akwai wani da ke yawo shi kaɗai a bakin kogi yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa. Akwai mai korayen ƙafafu da bakin da ya ɗan ɗaga sama, wanda farin bayansa ke haurawa har tsakiyar gadon baya.

Akwai kuma babbansu mai dogon baki miƙaƙƙe, da faffaɗan farin layi a fiffike da baƙar wutsiya. Wannan shi ne wanda mutanen Holan suka zaɓa a matsayin tsuntsun ƙasarsu a 2015, kuma shi ma yakan yi hunturu a gonakin shinkafar Afirka ta Yamma da yankin Tafkin Chadi.

Zakaran ƙeƙuwa, mai baƙi da fari da yawan surutu, ba ya cikin baƙin. Ɗan gida ne, a nan yake ƙwai, a nan yake shekara.

Adon da ba a gani a nan

Wanda ya san mai-geza a Nguru kaɗai ba zai gane shi ba idan ya gan shi a arewacin Rasha ko Finlan a watan Mayu. A can namijin kan fitar da geza mai faɗi a wuya da tukkaye biyu a ka, wani baƙa, wani fara, wani ja-ja, wani mai zane-zane, har da wuya a samu biyu masu kama ɗaya.

Mazan kan taru a wani fili kamar dandalin dambe, kowanne ya kama ɗan wurinsa yana tsalle yana buɗe geza yana kai wa maƙwabcinsa hari, mata kuma su zo su zaɓa. Wannan hali ne ya ba shi sunayensa. Tsohon sunansa na kimiyya, Philomachus, na nufin mai son faɗa, Faransawa na kiransa da kalmar da ke nufin mayaƙi, mutanen Holan kuma na kiransa zakaran faɗa.

Masana sun gano cewa mazan kashi uku ne. Mafi yawansu su ne masu kama fili su kare shi. Kusan ɗaya cikin shida masu farar geza ne, ba sa kama fili, sai dai su raɓu da masu fili suna jiran dama. Kashi na uku, waɗanda ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, ba sa fitar da geza sam, suna kama da mata, kuma da wannan shigar burtun suke shiga dandalin ba a kore su ba. Sai a 2006 aka bayyana wannan kashi na uku a rubuce, kuma bincike ya nuna cewa gadon halin ake yi, ba koyo ba.

Bayan aure namijin ba ya sake waiwayar iyali. Macen ce ke yin ƙwai huɗu a ƙasa cikin ciyawa, ta kwanta a kansu kusan mako uku, ta kuma yi renon 'ya'yan ita kaɗai. Tun daga ƙarshen Yuni mazan ke fara zubar da geza su kama hanyar kudu, mata da ƙananan su biyo baya.

Daga ina zuwa ina?

Ƙasar haihuwarsa doguwar shimfiɗa ce ta dausayi da filayen ciyawa masu danshi, daga ƙasashen arewacin Turai har gabashin Saberiya. Mafi yawansu a Afirka suke yin hunturu, wasu kuma a kudancin Asiya, kaɗan a yammacin Turai. Waɗanda ke tasowa daga can ƙuryar Saberiya zuwa Afirka ta Yamma na iya cin zangon da ya kai kilomita 30,000 zuwa da komawa a shekara ɗaya.

Mata sun fi maza nisan tafiya. Maza da yawa kan tsaya kusa-kusa don su riga komawa su kama fili, shi ya sa a garkunan Afirka mata suka fi yawa.

A yankin Sahel, manyan masaukansa su ne bakin Kogin Senegal, da fadamar Kogin Neja ta tsakiyar Mali, da fadamar Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi tare da fadamar Kogin Logone a Kamaru da Chadi. Tsakanin waɗannan akwai ƙananan tafkuna a Nijar da arewacin Najeriya da yake yada zango a kansu.

Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne dukkansu ruwansu daga nesa yake zuwa. Kogi ne ke ɗauko ruwan sama daga inda damina ke da ƙarfi ya baza shi a busasshiyar ƙasa, ya daɗe a kwance bayan ruwan sama ya ɗauke.

Abin da yake nema a fadama

Mai-geza ba ya iyo kamar kirinjijiya ko ɗinya, kuma ba ya tsayawa a ruwa mai zurfi kamar zalɓe. Abin da yake buƙata shi ne ruwa mara zurfi da taɓo a fili, inda zai riƙa tafiya yana tsintar ƙwari da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi. A Afirka yana ƙarawa da 'ya'yan ciyawa da ƙwayar shinkafar da ta zube bayan girbi.

Irin wannan wuri ba ya samuwa sai inda ruwa ke hawa ya kuma sauka. Ambaliya ta malale fili a watannin Agusta da Satumba, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali, kowane mako tana barin sabon taɓo. Tsuntsun na bin bakin ruwan nan yayin da yake ja da baya.

Wannan hawa da saukar ruwan shi ne kuma ginshiƙin rayuwar mutanen yankin. Da shi ake noman shinkafar fadama. Bayan ya janye ake shuka wake da sauran amfanin da ke rayuwa da danshin da ya bari. A cikinsa kifi ke hayayyafa, shi ke fitar da ciyawar da shanu ke ci da rani, shi ne kuma ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi da masu noman rani ke ja.

Watannin Fabrairu da Maris su ne mafi tsanani ga tsuntsun. A lokacin yake tara kitsen da zai ƙetare Sahara da shi, kuma a lokacin ne ruwan fadama ya fi ƙaranci. Masu binciken Holan ƙarƙashin Leo Zwarts, a wani littafi da suka fitar a 2009 bayan shekaru suna aiki a Sahel, sun nuna cewa yawan nau'o'in tsuntsaye da dama da ake ƙidayawa a Turai na hawa da sauka ne daidai da girman ambaliyar Sahel. A shekarun fari tsuntsayen kan cunkushe a 'yan wuraren da suka rage, abinci ya yi kaɗan, masu kafa raga kuma su kama su cikin sauƙi.

Yadda ruwan ya canja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, shi kuma Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi sai suka rarrabu rassa-rassa, suka haifar da fadamar. Daga wajen Gashuwa ruwan ke haɗuwa ya zama Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Sun samar wa birnin Kano ruwan sha, sun kuma ba da damar noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja. Wannan amfani ne da ba a musu a kansa. Sai dai sun canja yanayin kogin ta hanya biyu.

Ta farko, sun rage ƙarfin ambaliyar damina. Filin da ruwa ke malalewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da 1,000 a shekaru da dama na ƙarshen 1980 da farkon 1990, lokacin da tasirin madatsun ya haɗu da na fari.

Ta biyu, kuma wadda ba a cika lura da ita ba, kogin da a da yake kusan ƙafewa da rani ya koma mai gudana duk shekara saboda ruwan da ake saki. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta mamaye dubban kadada, ta toshe wasu rassan kogin, laka ta taru, ruwan ya karkata ya fi bin rafin Marma zuwa Tafkin Nguru.

Sakamakon shi ne wasu garuruwan ruwa ya kwanta a gonakinsu ya ƙi janyewa, wasu kuma a ƙasa suna jiran ruwan da ba ya isowa. Ga tsuntsun, duka biyun asara ce: ba ya kiwo a cikin duhuwar kacala, ba ya kiwo a busasshen fili. Ga manomi da masunci ma haka.

Lissafin da aka yi tun tuni

Muhawarar raba ruwan ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta abin da ruwa ke samarwa idan aka bar shi ya malala fadama, ta fuskar noma da kifi da itacen girki, da abin da yake samarwa idan aka tare shi don manyan ayyukan ban-ruwa a sama. Sun samu cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, amfanin fadamar ya ninka na ban-ruwan sau da yawa.

Wannan bincike ya zama misalin da ake koyarwa a ƙasashe da dama, amma bai kawo ƙarshen taƙaddamar a gida ba. Batun madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi, wadda aka tsara a kan ruwan Jama'are, yakan taso lokaci-lokaci. Masu goyon baya na kallon noman rani da ayyukan yi, masu adawa a Yobe da Borno kuma na nuna cewa Jama'are ne kogin da ya rage ba a tare shi da babbar madatsa ba, kuma shi ne ke kai mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa.

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo, watanni kaɗan bayan ambaliyar 2022 da ta yi mummunar ɓarna a Jigawa. Abubuwan biyu sun nuna matsalar daga fuska biyu: buƙatar ruwa a sama na ƙaruwa, hanyoyin da ruwan zai bi a ƙasa kuma sun toshe, ta yadda idan ya zo da yawa sai ya afka gari maimakon ya bazu a fadama.

Tsakaninsa da manomi

Ba kowane manomi ne ke maraba da garken tsuntsaye a gonarsa ba, kuma yana da hujja. Mai-geza kan ci shinkafa, kuma inda aka yi sabuwar shuka ko aka bar dami a ƙasa yana iya yin ɓarna. Amma yawancin abin da yake ci tsintuwa ce daga ƙasa bayan girbi, tare da ƙwarin da ke cikin taɓo.

Babban abokin gabar mai shinkafa da mai gero shi ne jan-baki, ƙaramin tsuntsun da ke sauka a kan zangarniya. Jan-baki ɗan Afirka ne, ba daga Turai yake zuwa ba, kuma duhuwar kacala ta zame masa wurin kwana da sheƙa. Wato ciyawar da ta kori mai-geza ita ce ta yi wa jan-baki masauki.

Rarrabe su yana da muhimmanci saboda feshin da ake yi ta jirgin sama don kashe jan-baki. Maganin da aka saba amfani da shi guba ce ga tsuntsaye gaba ɗaya, ba ya tantance wanda ya yi ɓarna da wanda bai yi ba. Sanin inda tsuntsayen ruwa ke kwana kafin a yi feshi, da rage kacalar da ke tara jan-bakin tun farko, sun fi sauƙi a kan gyara ɓarnar bayan ta auku.

Suna a takarda, ruwa a ƙasa

Ta fuskar karramawa, fadamar ba ta rasa komai ba. An fara shirin kula da ita a 1987 tare da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da gidauniyar NCF ta Najeriya. Mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989. Tafkin Dagona na cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi.

A shekarar 2000 Tafkin Nguru da rafin Marma, mai faɗin kadada 58,100, ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Baturiya da Dagona sun biyo baya a 2008. A 2020 hukumar UNESCO ta sanya yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take ba kulawa ta musamman, a ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa.

Tsuntsayen ne suka jawo mafi yawan wannan martaba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan Ramsar shi ne wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai. Ƙidayar da aka yi a fadamar a watan Janairun 1995 da 1996 da 1997 ta haura 200,000 a kowace shekara, ta 1997 ma ta wuce 300,000, kuma mai-geza na cikin waɗanda suka fi yawa. Nau'o'in tsuntsayen da aka taɓa gani a yankin sun haura 370.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan sunaye da ke buɗe ƙofar madatsa. Shawarar nawa za a saki da lokacin da za a saki tana hannun hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin da ruwan ya ratsa jihohinsu. Tun 2006 jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin arewa. Tsari da kuɗi ba su ne suka yi ƙaranci ba. Abin dubawa shi ne ko za su kai ga yashe rassan kogin a kai a kai da kuma sakin ruwa ta yadda zai kwaikwayi ambaliyar asali.

An gwada a maƙwabta

Akwai shaidar cewa hakan na yiwuwa. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta hana ruwan Logone malala wani babban sashe na fadamar Waza, kifi da kiwo suka durƙushe, mutane suka yi ƙaura. A 1994 da 1997 aka sake buɗe wasu rassan da aka toshe, ruwa ya koma wani ɓangare na filin, ciyawa da kifi da tsuntsayen ruwa suka farfaɗo.

A bakin Kogin Senegal ta ɓangaren Muritaniya, madatsar Diama ta busar da dausayin Diawling a shekarun 1980. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sakin ruwa da gangan a lokacin da ya dace, tare da shawarar masunta da makiyaya da mata masu saƙar tabarma. Sana'o'in suka dawo, tsuntsayen ma suka dawo.

A wuraren biyu ba a rushe madatsa ba. Yadda ake sarrafa ruwan aka canja.

Abin da mai waya zai iya yi

Ana gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane watan Janairu tun 1967, kuma yawancin masu yin ta 'yan sa-kai ne. A Najeriya, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar, inda matasa daga jihohin arewa ke shiga suna aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Manhajojin Merlin da eBird ma kyauta ne, na farko na taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto, na biyu wajen adana lissafi.

Ɗalibi a Gashuwa ko masunci a Nguru da ya rubuta rana da wuri da ƙiyasin garken da ya gani, shekara bayan shekara, yana tara hujjar da za a iya ajiyewa a gaban masu raba ruwa. Lissafi ne mai arha, kuma yana da wuyar musantawa.

Akwai darasi daga Turai a kan abin da irin wannan lissafi ke nunawa. A lardin Friesland na ƙasar Holan, inda dubban masu-geza suka saba yada zango a hanyarsu ta komawa gida, masu bincike sun lura a shekarun 2000 cewa tsuntsayen sun daina samun ƙibar da suke samu a da, bayan an tsane filayen ciyawar don noman zamani. Cikin 'yan shekaru adadinsu ya faɗi a can, ya kuma ƙaru a fadamar Kogin Pripyat ta ƙasar Belarus, inda ruwa ke malala kamar yadda ya saba.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Idan fadamar Haɗeja da Nguru ta daina ciyar da mai-geza, yana da fiffiken da zai gwada Tafkin Chadi ko Logone ko Mali. Manomin Guri da masuncin Dagona da makiyayin da ke sauko da shanunsa da rani su ne za su zauna da abin da ya rage na ruwan.